Fuskar Aro

"Matso kusa, Malama, ki duba da kyau. Wannan ba mijinki ba ne?"

Jami'in ya juyo mini da allon kwamfutarsa da yatsa ɗaya, yana murmushi kamar mai nuna wa baƙuwa hotunan 'ya'yansa. Kwana uku ke nan da aka sauke maigidana daga babbar motarsa a tasha, da farar safiya, a gaban abokan aikinsa. Kwana ukun nan ina zarya kafin a bar ni na shigo wannan ɗaki mai sanyi da warin sabon fenti.

A allon, ga wani mutum tsaye a kan benci a bakin ofishin ruwa, hannu a sama, baki buɗe, jama'a sun kewaye shi. An zagaye fuskarsa da koren layi, a ƙasa an rubuta sunan maigidana da shekarar haihuwarsa da lambar gidanmu.

"Yallaɓai, ranar zanga-zangar nan yana gida yana barci. Daga doguwar tafiya ya dawo."

"Duk haka kuke cewa," in ji shi. Ya danna wani wuri, hotuna suka fara wucewa. "Wata takwas muna tare da shi. Ga shi a kantin magani. Ga shi yana shiga gidan da suke taruwa. Wannan kuwa..." Ya dakata, ya kalle ni ta saman tabarau. Mutumin ne a bakin wata shuɗiyar ƙofa, wata mace tana buɗe masa tana dariya. "Duk Talata da yamma. Kin san ta? Kin gani, mun fi ki sanin mijinki."

So yake na fashe da kuka, na ga alamar a bakinsa. Ni kuwa ba matar nake kallo ba, rigar nake kallo. Ni tela ce, shekara goma sha biyar ina kan keke, ko cikin taro na hango ɗinkina sai na gane shi. Rigar ruwan toka ce, aljihun ƙirjinta a dama. Mutum ɗaya tak nake sa wa aljihu a dama a duniyar nan, don shi bahago ne. Auta ne, ƙanin maigidana.

Na ce masa na gode, na fito.

* * *

Surukina, wanda muke kira Baba, mai hoto ne. Shagonsa yana bakin titinmu tun kafin a zuba kwalta, kuma babu wanda ya girma a unguwar bai zauna a kan kujerarsa ya ji an ce masa "ɗaga haɓa kaɗan" ba. 'Ya'yansa maza biyu ne, Babba, wato maigidana, sai Auta. Shekara biyu ce tsakaninsu, amma kamarsu ta ɓaci. Farkon zuwana gidan sau biyu ina miƙa wa Auta ruwan da na ɗebo wa yayansa, har yau bai daina tsokanata da shi ba.

Shekara shida da suka wuce hukuma ta ce kowa ya ba da fuskarsa a saka a sabon katin shaida, ta ba masu hoto irin Baba izinin ɗauka su aika. Direban da ya wuce wa'adi, lasisin tuƙinsa ya mutu. Maigidana yana hanya, mota ta lalace masa a wani gari mai nisa, wa'adi kuma saura kwana ɗaya. Sai Baba ya kira Auta, ya sa masa hular yayansa, ya zaunar da shi, ya ce ya daina dariya. Ya ɗauka, ya aika da sunan Babba. Kati ya fito lafiya lau. Muka mai da abin labarin ban dariya a gidan, duk sanda aka taru sai an tuna.

Shi kuwa Auta da aka ce ya yi nasa katin, sai ya ƙeƙasa ƙasa. "Fuskata tawa ce," haka yake cewa yana bugun ƙirji. "Ni ba za su saka ni a na'urarsu ba." Ya yi ta yawo a ƙarƙashin kyamarorin da aka jera a kan kowane turken fitila, yana taro, yana jawabi, yana zuwa shuɗiyar ƙofarsa, na'ura tana bin sa tana rubuta wa yayansa.

Daga ofishin kai tsaye na wuce shago. Na samu Auta ɓoye a ƙuryar baya, inda Baba yake wankin hoto a da, yana zaune a kan katifa a tsakanin akwatuna.

"Matarmu, me suka ce?"

"Kar ka ƙara ce mini matarmu. Tashi ka sa takalmi, ka je ka ce musu kai ne."

Baba ya shigo ya jawo labule. "'Yata, zauna mu yi magana. In Auta ya je, ba shi kaɗai zai tafi ba. Za su tambayi wanda ya aika hoton. Shekarata saba'in da ɗaya. Shi Babba bai yi komai ba, dole su gane su sake shi. Lauya ya ce a ba shi mako biyu."

Na dubi Auta, ina jiran ya buɗe baki. Bakin nan da ya cika titi a kan benci, ranar ko tari bai yi ba. Ƙasa kawai yake kallo yana murza yatsun ƙafarsa.

* * *

Mako biyu suka zama shida. Duk Asabar nakan ɗauki kwanon abinci na tafi gidan yari. A bakin ƙofa akwai wata na'ura, ka tsaya ka kalle ta, ta kunna koren haske, sannan ka faɗi sunan wanda ka zo gani.

A Asabar ta shida maigidana ya fito yana ɓoye hannunsa na dama a cikin riga. Na matsa masa sai da ya nuna mini. Yatsu uku sun kumbura sun yi baƙi, sun karkace. Sunayen mutanen gidan taron suke nema a wurinsa, shi kuwa ko hanyar gidan bai sani ba.

"Da wannan hannun za ka riƙe sitiyari?" na tambaye shi.

"Zai warke." Ya sunkuyo kusa da wayar da ta raba mu. "Na san abin da ke ranki. Kar ki yi. Ni na iya ɗauka, shi ba zai iya ba. Baba kuma ko mako ba zai yi a nan ba."

"Ni fa? Ni na iya ɗauka?"

Ya mai da hannun cikin riga, ya ce na yi haƙuri. Haka yake tun da na san shi, in an taka shi, shi ne mai cewa sannu.

Da na dawo na biya ta shago don na sanar da Baba halin da ake ciki. Tun daga bakin ƙofa na jiyo dariya daga ƙuryar baya. Auta ne yake kallon ƙwallo a waya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, har ya yi ƙiba a ɓoyon nasa. Da ya gan ni ya rage murya, ya ce, "Ya jikin Yaya? Af, ki ce wa mai kawo abincin nan ta riƙa ƙara gishiri."

Na juya kamar ban ji ba. Amma wallahi a wannan tsayuwar na tsane shi, tsanar da ban san ina da irinta ba. Na koma gida na zauna a kan keke, na yi ta taka shi ba zare ba ƙyalle. Abu ɗaya nake gani a idona, Auta a bayan wayar gidan yarin nan, da kumburarrun yatsu, ni kuma ina tsaye ina kallonsa ina tambayarsa ko gishiri ya ji. Na so na ga an fito da shi gaban jama'a kamar yadda aka yi wa yayansa. Na so matar shuɗiyar ƙofa ta leƙo ta gani.

Na kuma san inda makamina yake. Baba yana da wata ɗabi'a da bai taɓa sakewa ba. Duk hoton da ya ɗauka sai ya ajiye guda a akwati, ya rubuta a bayansa da fensir sunan mai shi, da gidansu, da ranar, da abin da aka yi hoton dominsa, saboda in mutum ya dawo bayan shekara goma a same shi. Yakan ce ya iya goge wa mutum tabo a fuska, amma bayan hoto ba wurin ƙarya ba ne.

Ran Litinin da hantsi, Baba ya tafi asibiti awon jini, Auta yana wanka. Akwati na huɗu daga ƙasa. Ban fi minti biyar ba na same shi, ga hular, ga bakin da yake danne dariya. A baya, da kyakkyawan rubutun Baba: "Auta, a madadin Babba, don katin shaida."

* * *

Jami'in ya daɗe yana juya hoton, gaba da baya. Wannan karon bai yi murmushi ba.

"Duk hotunansa haka yake rubuta musu a baya?"

"Duka, Yallaɓai. Shekara talatin da wani abu." Da alfahari na faɗa, don ya san shaidata mai ƙarfi ce. "Yanzu yaushe za ku sake shi?"

"Kalli nan tukuna, ki maimaita abin da kika faɗa." Ya nuna mini wata 'yar kyamara a saman allon. Na kalle ta ido cikin ido, na zayyana komai, har da ƙuryar da Auta yake kwana. Raina fari tas, rabona da irin wannan sanyi tun ranar da aka tafi da maigidana.

Kafin la'asar motoci biyu suka tsaya a bakin shago. Ina tsaye a ƙofar gidana da almakashi a hannu na ga an fito da Auta ba takalmi, unguwa ta fito tana kallo. Abin da na roƙa ke nan, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗinsa. Sai aka fito da Baba, da audugar asibiti manne a hannunsa. Bai dubi inda nake ba. Bayansa kuma aka fara fito da akwatunan, ɗaya bayan ɗaya, sai da na ƙirga ashirin da uku. Duk wanda ya taɓa ɗaga haɓa a shagon nan yana ciki, da sunansa da gidansu, cikin rubutun da ba ya ƙarya. Wata maƙwabciya mai wankin kai da ke kusa da ni ta ce a hankali, "Har da na 'ya'yana."

Washegari na koma ofishin da wankakkiyar rigar maigidana a leda.

"An samu 'yar matsala," in ji jami'in, idonsa a kan allo. "Sunan da ke rajista yana tare da fuskar wanda muka kawo jiya, na'ura ta tabbatar ɗari bisa ɗari. Shi wancan na farko, babu shi a wurinmu sam. An mai da shi ɓangaren waɗanda ba a tantance ba."

"To ku tantance shi mana, ga ni, matarsa ce ni."

"Ana tantancewa ne da katin shaida. Nasa kuwa ke da bakinki kika ce na bogi ne, shekara shida yana amfani da shi." Ya ɗago. "Mun gode da haɗin kai, Malama. Ba kowa ke yi ba."

* * *

Ran Asabar na ɗauki kwano na tafi. Na'urar bakin ƙofa ba ta ko jira na tsaya daidai ba ta kunna koren haske, yanzu ta san ni farin sani. Na faɗi sunan maigidana, mai gadi ya danna, ya ce na shiga na zauna a kujera ta biyar.

Na zauna, na ɗora kwanon a cinya. Ƙofar ciki ta buɗe, aka shigo da mutum, tsayin nan, kafaɗun nan, har na yunƙura zan miƙe. Sai na ga aljihun a dama.

"Ba shi na ce ba," na gaya wa mai gadin.

Ya duba takardarsa, ya duba allon da ke bango. "Sunan da kika faɗa, mai shi ke nan. Minti goma sha biyar."

Auta ya zauna a bayan wayar. Leɓensa ya fashe, hannunsa na hagu yana cikin riga. Duk maganganun da na tanada, har da ta gishirin, suna nan a bakina, na kasa fitar da ko ɗaya.

"Kin ga Yaya?" ya tambaya, muryarsa a dishe. "Ni tun da aka kawo ni ban gan shi ba. Na tambaya, sun ce ba su da mai wannan kama sai ni."

A saman kanmu kyamara ta juyo a hankali ta tsaya. Ya kalli kwanon, na kalli kwanon. Na ɗora hannuwana biyu a kan murfin, na danne shi, har mai gadi ya buga ƙarfe. Da na iso gida abincin bai gama hucewa ba.