Jingar Malam Ilu

Buhun da Sule ya sauke a ƙofar majema ko rabi bai kai ba. Malam Ilu ya zura hannu ya damƙo bagaruwar, ya murza ta a tafinsa. Duk ta motse, ba nauyi, ba ƙanshi. Da wannan ake so ya jeme fatun akuyar da ya riga ya kankare wa gashi, waɗanda dukawan kasuwar Kurmi ke ta yi masa sintiri a kansu.

"Iyakarta ke nan?"

"Iyakarta ke nan, Yaya. Har ta ƙasa na tsince."

Sule mijin ƙanwarsa 'Yardada ne, shi ke duba masa itatuwan bagaruwar da ya gada a fadamar bakin kogi, can kudu da birni. Su ke riƙe da sana'arsa. Majemin da zai dogara da bagaruwar kasuwa a wannan zamani wahalar banza kawai yake yi, kuma Malam Ilu ya tsufa da wahalar banza.

Abin haushin, da hannunsa ya jawo. Shekarar da ruwan sama ya kayar masa da katangar gida, ya leƙa fadamar a tsakiyar damina, ya tarar da itatuwan tsaye cikin ruwa har ƙugu. Hankalinsa ya tashi. Mutumin cikin ganuwa ne, tun yana yaro abin da ya sani shi ne ruwa a gindin abu ɓarna ne. Yaɓe kafin damina, gyaran indararo, buhun ƙasa a bakin zaure, da su ya girma. Sai ya sa aka tayar da jinga doguwa tsakanin kogin da itatuwansa, ya komo birni yana ganin ya yi abin kai. Mutanen ƙauyen suka kalle shi suka yi shiru. Filinsa ne, kuma wa zai tsaya gardama da Bakano?

Ai kuwa jingar ta yi aikinta. Kogin nan da ya saba fitowa duk damina ya kwanta a fadama, ya bar laka mai taushi in ya janye, sai ya riƙa wucewa abinsa.

"Ƙasar ta ƙanƙame kamar daɓe," in ji Sule, ya zauna a kan turmin da aka kifa. "Iri ya faɗi ba ya tsira. Manyan kuma daga sama suke bushewa. Amma tsallaken, inda ruwa ke shiga, ƙananan bagaruwa sun yi cunkus, ko akuya ba ta ratsawa."

Malam Ilu ya zauna ya jingina da bango. Gwiwoyinsa na ciwo, warin fata ya ishe shi, abin da bai taɓa damunsa ba a da. Ya ji kunya, amma gajiyar ta fi kunyar yawa.

"To a fasa ta," ya ce. "Ka nemi masu diga kafin ruwa ya sauka. Ko waɗanda suka rage sa farfaɗo."

Sule ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin buhun.

"Yaya, ai da wurin ya bushe, mutane sun matso. Mamman mai kifi ya yi ɗakuna. Akwai masallaci ma yanzu. Mu ma can muka koma bara. 'Yardada ce ta ce in ba ka tambaya ba kar in faɗa. Ta ce tun da aka kai ta garin, daminar da ta wuce ce kawai ba ta kwashe kaya ta hau tudu ba. Kullum sai ta sa maka albarka."

Malam Ilu ya dubi kwatarniyoyin da fatun ke jiƙe. A lungu wani mai tura kurar ruwa na ta neman a ba shi hanya.

"Ɗakunan, ginin ƙasa ne?"

"Na ƙasa ne."

Ya dafa bango ya miƙe, ya sa Sule ya tashi daga kan turmin, ya juyo da shi. Ya zazzage buhun a ciki har ƙurar ƙarshe, ya ɗauki taɓarya.

"Ka gaishe ta," ya ce. "Ka ce na ce a ƙara wa jingar ƙasa."