Wasiƙa ta Huɗu

A cocin su Derrick da ke unguwar Television a Kaduna, in an gama sujada ba a watsewa sai Baba Sakatare ya raba wasiƙu. Unguwar kaf ba mai akwatin gidan waya, don haka kowa lambar akwatin coci yake bayarwa, har wanda rabonsa da sujada tun Kirsimeti. Shi kuwa Baba Sakatare, Allah ya zuba masa son a saurare shi. Sai ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya sau biyu, ya ɗaga ambulan sama kamar shi ya rubuta.

Ran Lahadin nan ya kira suna uku lafiya lau. Da ya zo na huɗu ya ce, "Nicholas Shekari."

Coci ya yi tsit. Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan ba wanda ya ɗaga murya ya faɗi sunan nan. Nicholas yayan Derrick ne, mai walda. Ranar da rikici ya ɓarke a Kaduna, ya tsallaka gada da sassafe zai haɗa ƙofar wani gida a ƙetaren kogi, shi ke nan. An bi asibitoci, an bi ɗakunan ajiye gawa, ba shi ba labarinsa. Uwarsu, wadda kowa ke kira Maman Nicholas, ta hana a yi zaman makoki. Ta ce ita ba ta ga gawa ba, kada wanda ya shigo mata gida da kuka.

Derrick yana bencin baya, gumi ya karyo masa. Shi kaɗai ya san inda wasiƙar ta samo asali.

Tun da sojoji suka koma bariki ake ta cewa aiki zai wadata. Ina! Masaƙun Kakuri sai sallamar mutane suke yi. Ana haka Cyril, mai sayar da kayan mota a Sabon Tasha, ya zama dillalin wani kamfani da ke shimfiɗa bututun mai a Kamaru. Masu walda ake nema, izinin aiki na wata shida, amma sai mai takardar shaidar gwajin sana'a. Hannun Derrick a walda ya fi na yayansa, kowa ya sani, sai dai bai taɓa zama jarrabawa ba. Takardar Nicholas kuwa tana nan kwance a ƙasan adakar uwarsu.

Cyril ya ce masa, "Kai da shi ai kamar an tsaga kara. Takarda ba ta san wanda ya mutu ba. Kawo hotonka kawai."

Ya sato takardar, ya kai hoton. Daga ranar Cyril ya daina kiransa Derrick, wai don kunnensa ya saba kafin a je kan iyaka. Karon farko da ya kwaɗa masa kira, "Nicholas!", Derrick waiwayawa ya yi yana neman yayansa. Bayan nan, in ya rufe fuska da gilashin walda, sai ya riƙa jin mutum tsaye a bayan kafaɗarsa, daidai inda Nicholas yake tsayawa yana masa gyara. Ya ɗaga gilashin, ba kowa. Tsoro yake ji, kuma bai faɗa wa kowa ba.

Ya koyi sa hannun yayansa, ya haddace ranar haihuwarsa, komai ya shirya. Amma da ya zo gurbin adireshi a fom ɗin, hannunsa ya rubuta lambar akwatin coci, kamar yadda ya saba tun yana firamare. Wallahi ko a ransa bai kawo ba.

Maman Nicholas ta tashi daga layin zumuntar mata, tana tafiya tana dafa benci. Ba ta iya karatu ba. Ta ce, "Baba, buɗe ka karanta. Kowa ya ji."

Baba Sakatare ya yage ambulan, ya karanta da Turanci, ya juya da Hausa: an ba Nicholas Shekari, mai walda, izinin yin aiki a ƙasar Kamaru na wata shida, daga ɗaya ga watan Yuli. Ya ɗaga shafi na biyu, inda aka manna hoto. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya leƙo ta saman tabarau har bencin baya, ya ninke takardar ya miƙa mata. Mutumin da ba ya gajiya da magana, ranar bai ƙara ko kalma ba.

Ta zube a kan gwiwa. "Ban faɗa muku ba? Yana raye! Ya aiko ne don in sani!"

Guɗa ta kaure. Mata suka ɗauko tulunan kiɗa. Akwai waɗanda suka kalli juna, don wanda yake Kamaru me zai sa a aiko takardarsa Kaduna? Amma wa zai fara furtawa, ga tsohuwa tana rawa tana hawaye?

Kafin ƙarfe uku gidan ya cika. An ɗora tukwane a tsakar gida, an yanka kaji biyu. Derrick ya yi ta zagaye a unguwa har ƙafarsa ta gaji, sannan ya shigo. Abin da ya fara gani kayan Nicholas ne a kan igiya, uwarsu ta fito da su su sha iska. Shuɗiyar rigar aikinsa tana rataye, hannuwanta suna lilo. Sai da ya dafa bango.

Ta hango shi, ta ja shi ɗaki. Takardar tana ɗaure a bakin zaninta, a ninke yadda aka ba ta.

Ta ce, "Derrick, kai ma ka nemi irin wannan izinin ka bi shi. Ka ce masa ban yi fushi ba. Ko bai dawo ba, ya aiko mini da muryarsa a kaset."

Nan ya ji ba zai iya ba. Zai iya yi wa kamfani ƙarya, ya yi wa ma'aikatan kan iyaka, amma ya zauna a Kamaru yana kwaikwayon muryar mamaci yana aiko wa uwarsa? Ya durƙusa.

"Mama, ki buɗe shafi na biyu."

"Me zan gani? Ai ban iya karatu ba."

"Hoto ne, Mama."

Ta kwance bakin zanin a hankali. Ta kai takardar bakin taga. Ta sa babban yatsa a kan hoton, daidai girar hagu, inda tartsatsin walda ya bar wa Derrick tabo. Nicholas ba shi da tabo.

Ya faɗa mata komai, kansa a ƙasa. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shin da ya fi masa sauƙi. A waje mata suna ta waƙar godiya.

Ta ce, "To in wani abu ya same ka a can, sunan wa za su aiko mini?"

Ita ta ba kanta amsa.

"Sai su kawo mini gawarka, in binne ka da sunansa, in zauna ina jiran Derrick." Ta sake duban hoton. Muryarta ta yi ƙasa. "Wato ya mutu ke nan."

"Mama..."

"Nicholas ya mutu."

Ta fita tsakar gida da takardar a hannu. Matan suka taso da guɗa za su tare ta, sai ta ɗora hannu biyu a ka ta kurma ihu, kukan da ta hana kowa yi shekara ɗaya da wata huɗu. Kiɗan ya tsaya. Mai riƙe da tulu ta ajiye shi a ƙasa, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaura a ƙugu, ta je ta riƙe ta. Ɗaya bayan ɗaya suka zauna a kan tabarmi, suka kama kuka tare da ita.