Maɗacin Bakin Rijiya

"Ko tsawon yatsa ne, ka ɓamɓaro mini ɓawonsa," in ji Mai Zuma, yana riƙe da bakin rigata. "Na maɗacinmu fa, Ɗan Gandu, na bakin rijiya. Shi kaɗai zai kwantar da cikin nan."

Kwanansa tara a kwance a ɗakin da katanga ɗaya ta raba da nawa. Ya rame har zobensa ya koma babban yatsa. 'Yarsa Auta tana gefen gado tana yi masa fifita, tsofaffin ƙwaryoyin zumarsa suna rataye a ƙusa, duk sun yi ƙura.

Na ce, "An gama, Yaya. Gobe da safe."

Na fito ina sane babu wani maɗaci a bakin rijiya. Shekara talatin da huɗu ke nan da sare shi, kuma ni na buga masa hatimi.

A cikin dajin aka haifi Mai Zuma. Turawa suka zo da sarƙar awo da duwatsun iyaka masu farin fenti, suka ce daga yau daji ya zama gandun gwamnati. Aka tayar da mutanensa zuwa wannan gefen rafi, aka hana su sara da farauta, har rataya amya. Ni kuwa lokacin ina ji da ƙuruciya, aka ba ni kaki da hula da wata guduma mai hatimi. Bishiyar da Bature ya nuna da sanda, ni zan buga mata, masu zarto su biyo baya. A gurbinsu aka dasa wasu itatuwan ƙetare layi-layi, waɗanda ko tsuntsu ba ya sha'awar sauka a kansu.

Ranar da muka isa kufan ƙauyen su Mai Zuma, Bature ya zagaya maɗacin yana fito don murna. Na ga jeren duwatsu a gindinsa, na kuma san kabari ne. Da na buɗe baki, wataƙila da ya bar shi. Amma kakin nan ya fi mini komai a lokacin. Na ɗaga guduma na buga.

Bayan shekara biyu Allah ya haɗa mu maƙwabtaka. Ran da na tare, ya shigo da ƙwaryar zuma ya ce, "Kai da kake shiga dajin, maɗacinmu yana nan? Innata tana gindinsa."

Na ce yana nan. Shi bai sake taka dajin ba tun da aka kama shi da amya ya yi wata uku a ɗaure, kuma da Turawa suka tafi, dokarsu ba ta bi su ba. Don haka ƙaryata ta samu wurin zama. Duk damina sai ya tambaya, ni kuma in ƙara wa maɗacin reshe. Wata shekarar har shamuwa na ɗora masa. A gidansa aka yi wa 'ya'yana aski, shi ya riƙe makarar matata, ni kuma abin da na saka masa da shi ke nan.

Da safe na hau keke na nufi titin tsohuwar tasha, inda akwai maɗatai uku. Na ɓamɓaro ɓawo, na ɗan ɓata lokaci a hanya don a ce na yi nisa. Auta ta jiƙa shi a kofin silba har ruwan ya yi ja, ta tallafo kan mahaifinta. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi.

"Auta, je ki duba tukunyarki," in ji shi. Da ta fita ya dube ni. "Ɗan Gandu, yaushe motoci suka fara bi ta bakin rijiyarmu? Hayaƙi nake ji a ciki."

Na durƙusa a gaban gadon. "Yaya, akwai maganar da..."

"Ranar Laraba ce, da hantsi," ya katse ni. "Ina bakin rafi ina wanke ƙwarya. Bishiya irin wannan ba ta faɗuwa a ɓoye. Har a tafin ƙafata na ji."

"To me ya sa kake tambayata duk shekarun nan?"

"A bakinka kaɗai ya rage a tsaye. In ka daina faɗa, ina zan same shi?"

Faɗuwar ya sani, bai san hannun da ya buga hatimin ba. Maganar ta zo mini har maƙogwaro, na kuma san in ban faɗa yanzu ba, ba ni da wata rana. Sai ya lumshe ido ya lalubo hannuna, na daman, ya riƙe.

"Faɗa mini, bana ya yi fure?"

Na ce ya yi. Na ce ƙudan zuma sun cika shi har ba a jin maganar mutum a gindinsa, inuwarsa ta rufe rijiyar, duwatsun Inna suna nan yadda ya jera su. Ina faɗa hawaye yana shiga bakina. Yana ta gyaɗa kai, har ya daina. Kafin la'asar ya cika.

Har yau ban sani ba ko tausayinsa ne ya rufe mini baki, ko tsoron nan ne dai na ranar guduma.

Bayan kwana uku na shiga taya Auta kwashe kayan ɗakin. Tana naɗe tabarma ta ce, "Kawu, in an kwana biyu ka kai ni in ga maɗacin nan. Ina so in ga inda Kaka take."

Na yi kamar ina kwance igiyar ƙwarya daga ƙusa. Kofin yana nan a bakin taga inda aka bar shi, ruwan ya ƙafe saura ɗan ja a ƙasa. Wani ƙudan zuma ya sauka a bakinsa, ya zagaya, ya tashi.