Sha Biyu a Kan Kati

Shekara ashirin da shida malamin gonan ya yi yana ƙidayar ƙwari a lambunan gefen gari. Duk mako sai ya bi kunya-kunya, ya ciro katunan danƙo masu ruwan ɗorawa da yake ratayawa a sanduna, ya ƙirga fararen ƙudajen da suka maƙale. In sun haura hamsin ya ce a yi feshi, in ba su kai ba ya ce a bar magani ya huta. Har Idon Mikiya masu lambu suke ce masa.

Bana yanar ido ta fara rufe masa gani. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa.

A lambun Dogo, abokinsa tun ƙuruciya, ya ɗaga kati ya ƙanƙance ido. "Sha biyu. Ajiye feshin nan."

Dogo ya leƙa katin. "To, Malam."

Mako uku ana haka. A na huɗu ganyen tumatirin Dogo ya nannaɗe, fure ya zube. Malamin ya kwashi katunan ya kai gida, ya miƙa wa babbar 'yarsa ɗaya.

"Ƙirga min."

Da ta kai ɗari biyu sai ta ɗago. "Baba, in ci gaba?"

Malamin ya zura takalmi ya fita.

Ya tarar da Dogo yana tumɓuke shukar yana tarawa.

"Ni na kashe maka lambu," in ji shi. "Ba na gani, Dogo. Tun farkon shekara."

Dogo ya miƙe, ya kaɗe ƙasar hannunsa. "Ai na ga katin cike maƙil da ƙwari ran nan."

"To me ya hana ka magana?"

"Na ce ko ba irin waɗanda kake ƙirgawa ba ne. Ina ni ina gyara maka lissafi?"

Gara a ce zaginsa ya yi. Malamin ya naɗe hannun riga ya sunkuya ya kama wata shuka.

"Ba wannan ba," in ji Dogo a hankali. "Barkono ne, lafiyarsa ƙalau."

Ya kamo hannunsa ya ɗora a kan wata matacciyar shukar tumatir. Suka yi ta tumɓuka har rana ta take.