Wandon Kwandasta

"Ba haka ake kama ta ba," in ji Baba Direba. "Kin riƙe ta kamar wadda ta tsinto tsumma a kwata."

Maman 'Yan Biyu na tsaye a tsakiyar ɗakin, kazar na reto a hannunta. Da yatsu biyu ta kama fukafukan, ta miƙar da hannun nesa da jikinta iyakar tsawonsa. Tun daga ƙofar gida ta naɗe hancinta da gefen mayafi, amma warin ya san hanyarsa. Wari ne hawa-hawa. Daga ƙasa kashin kaji da jiƙaƙƙiyar dusa da ta yi tsami, a tsakiya man zafin da tsohon ke shafawa a baya, can sama kuma abin da ke cikin bokitin nan mai murfi na bayan ƙofa, wanda take yin kamar ba ta gani.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasa, kuma shekara da shekaru katangar ba ta tare komai ba sai ido. Ita ɗinki take yi. Ƙudajen akurkinsa a kan yadin mutane suke hutawa, har wata ta taɓa dawo mata da riga tana tambaya ko a cikin kaji ake guga. Ta yi ƙorafi a gaban idonsa, ta yi a bayansa, ta sa maigidanta ya je. Kowane lokaci sai tsohon ya ba da haƙuri, ya aiko da ƙwai, ƙwan ma da kashi a jiki.

Babbar mota Baba ya tuƙa har bayansa ya ƙi. Tun kafin matarsa ta rasu ya daina kwanciya, don in ya miƙe a katifa sai ya ji kamar ana zare masa laka. Tsohuwar kujerar mota ya sa aka ɗora masa a kan bulo, a nan yake wuni, a nan yake barci, da igiya ɗaure a azara wadda yake ja in zai tashi. Kajin nan fasinjoji yake kiransu. Ita kuwa wannan jar, Kwandasta ce, don a bakin ƙofa take tsayawa tana yi wa kowa surutu. Da ciwo ya shiga akurkin ya kwashe na kwashewa, ita sai ya bar ta da rai ya ɗauke ƙafafun. Ranar nan Baba ya dogara sandarsa har ƙofar shagonta da ƙafar tsohon wando a hannu, ya ce ta huda masa biyu na ƙafa, ɗaya na baya, ta sa madauri. Ta ɗinka don ya tafi. A ciki yake zura kazar ya rataye ta a igiyarsa, ƙafafunta na taɓa ƙasa kaɗan, ga ruwa ga tsaba a gabanta. Daga ranar maigidanta ya laƙaba mata telar kaji, yana tambayarta ko zakara ma zai kawo awon hula.

Yau kuwa da safe ɗan Baba ne ya yi mata sallama, idonsa ja. Ya zo da motar haya zai kai mahaifinsa asibiti, don ƙafafun sun kumbura sun yi sheƙi, fitsari ya kusa ɗaukewa. Sauran kajin an raba wa masu so. Amma tsohon ya riƙe igiyarsa ya ce ko da ƙugiya za a ja shi, ba inda za shi sai ya ga hannun da Kwandasta za ta koma. Ɗan ya roƙe ta, ya ce ta dai ce masa ta karɓa, magana ce ta baki. Maigidanta da ke ɗaure takalmi ya ce ta karɓo mana, wuƙarsa na nan da kaifinta, gara a yanka tun tana motsi kafin ta zama mushe. Da wannan shirin ta shigo, ta durƙusa ta gai da tsohon, ta ce Baba ya kwantar da hankalinsa, kaza ta zama tata.

Shi ne ya dube ta ta saman mayafin, ya ce to madalla, ta wanke ta ya gani.

"Sa tafinki a ƙarƙashin ƙirjinta," ya ce yanzu. "Bar ƙafafun su sauka da kansu. Kar ki ɗaga tukuna, 'yata. Jira ta saki jiki."

Ta sa tafin. Ƙashin ƙirjin ya zauna mata a hannu kamar bakin cokali, ba nama ko kaɗan, ga zafi, ga zuciyar na bugawa da sauri-sauri. Ƙananan ƙwari masu kama da ƙura suka fara hawa wuyan hannunta. Ta cije leɓe a bayan mayafi. Ya nuna mata roba da ruwan ɗumi da gishiri, ya ce ta juya ta ta ɗaga jelar.

Gashin wurin ya dunƙule da kashi fari da kore, ya bushe ya zama kamar laka. Kwana biyun nan hannunsa bai iya kaiwa ba. Ta jiƙa tsumma ta danna, dunƙulen ya ɓalle gaba ɗaya, sai ga fatar ja jawur, da wasu fararen abubuwa suna motsi a cikin ramin.

Ba ta san lokacin da ta dire kazar a cinyarsa ba. A bakin akurki ta amayar da abin da ta karya da shi, ƙudaje suka taso suka sauka a kai tun ba ta ɗago ba. Ta tsaya dafe da katanga, katangar gidanta ce ma ta wancan gefen, tana jin ƙarar rediyon maigidanta. Taku kaɗan ne ta fita. A waje mai motar haya na danna ham, ɗan kuma na ba shi haƙuri.

Ta kurkure baki ta koma.

Baba dariya yake yi, irin wadda ba ta da sauti, yana riƙe da igiya don kowace girgiza sai ta soke shi a baya. Ya ce tsutsa ce kawai, ba ta cizon tela. Ya miƙo mata tsinken ashana. Ta durƙusa ta shiga cire su ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a ruwan gishiri, fuskarta a karkace, tana shan iska ta baki kaɗan-kaɗan. Kazar ba ta yi kuka ba, ido kawai take rufewa tana buɗewa.

"Na san wannan fuskar," ya ce a hankali. "Ita yaron nan yake yi in zai fitar da bokitina. Ita masu dubiya suke yi. Ku duka kuna ɗauke numfashi a bakin ƙofa, ku gaishe ni da sauri kafin ya ƙare muku."

Kunya ta rufe ta, ta fara cewa ba haka ba ne, Baba. Ya ɗaga hannu. Ya ce ai bai ga laifin kowa ba, shi ma da yana da inda zai gudu da ya gudu ya bar jikin nan. Abin da ya fi damunsa gaggawar ce. Mai ƙyama sauri yake yi, ya fizge ka ya dire, shi kuwa ciwo a fizgar yake. Ya ce ita wannan, ya shafa wuyan kazar da bayan yatsa, tun da ƙafafunta suka mutu ba ta taɓa kawar da kai daga gare shi ba, shi ma bai kawar ba.

Ta shafa man da ya nuna mata, ta zura ƙafafun a hudojin da ita ta yanka da almakashinta, ta rataye. Kwandasta ta yi lilo kaɗan, ta miƙa wuya ta tsinci tsaba. Tsohon ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a kira yaron.

Ɗan ya shigo da mai motar, suka tsaya dama da hagu, kowa ya cika ƙirjinsa da iska, suka cusa hannu a hammatarsa. Ba su ɗaga shi ko taƙi ɗaya ba ya saki wata ƙara da ba ta taɓa jin namiji ya yi ba, siririya, kamar ƙyauren da ya yi tsatsa. Suka sake shi. Gaban wandonsa ya jiƙe. Ɗan ya juya ya kifa goshi a bango.

Ta ce su dakata. Ta zaga gida ta ɗauko labulen da wata ta kawo a yi wa baki, mai kauri, sabo fil. Ta sa suka zura shi ta ƙarƙashinsa kaɗan-kaɗan, ta bayan kujera zuwa cinya, kowa ya naɗe gefe biyu a hannu. Ita kuma ta sa tafinta a ƙirjinsa, kan rigar da ta yi danƙo da man zafi da gumi. Nan ma ƙashi ne, nan ma zafi.

"Kar ku ɗaga tukuna," ta ce. "Ku bari ya saki jiki."

Suka jira. Can ta ji nauyin tsohon ya sauko mata a hannu, ta gyaɗa kai, suka ɗaga. A zaune ya fita daga ɗakin, ƙafafunsa na reto, bai yi ko ƙara ba har tsakar gida. A nan ya buɗe ido ya dube ta, ya ce ashe telar kaji ta iya na mutane ma, saura hudar baya. Ɗan ya yi dariya da hawaye a fuska. Da aka zaunar da shi a mota ya miƙo mata makullin ɗakin ta taga, bai ƙara ko kalma a kan kazar ba. Yana ta faɗa wa mai motar ya bi ramukan layin a hankali.

Da yamma maigidanta ya tambayi ina naman. Ta ce ya bari mutumin ya kai asibiti tukuna, ko kunya ba ya ji. Washegari ta ce aiki ya yi mata yawa. Kullum da hantsi takan naɗe hanci ta zaga da ruwan ɗumi, ta dawo ta wanke hannu da sabulu har fatar ta yi fari, duk da haka in ta kai loma baki sai ta ji kamar warin na nan a ƙarƙashin farce. Ba ta saba ba. Wanda ya ce ana sabawa bai taɓa yi ba. 'Yan biyunta suka daina karɓar abu daga hannunta, suna toshe hanci suna dariya.

Ba a rufa mako ba, tana kan keken ɗinki da rana, ta ji salati a ƙofar gidan Baba. Ƙafarta ta tsaya a kan feda. Aka yi abin da ake yi, aka kai shi, mutane suka zauna a waje don ba mai iya zaman ɗakin.

Bayan an watse ɗan ya zo karɓar makulli, don mai gidan na son ɗakinsa. Ya mayar mata da labulen a ninke, an wanke, amma tabon bai fita ba. Ta yi masa gaisuwa, ta tambaya ko Baba ya sha wuya. Ya ce da sauƙi, sun yi masa allurar da ta sa ya kwanta a bayansa, karo na farko cikin shekaru, har yana cewa ashe haka silin yake. Maganarsa ta ƙarshe mita ce, wai mai motar da ya kawo su bai iya canza giya ba.

Ta ce, "Bai tambayi kazar ba?"

"Ko sau ɗaya, Mama. Na ma yi masa zancenta, ya ce ai wannan tana hannu."

Tare suka shiga ɗakin. An fitar da bokitin, an jingine kujerar motar a bango, soson ya lotsa daidai siffar bayansa. Ɗan ya hau bulo ya kwance igiyar daga azara, ya tsaya riƙe da ita da kazar a ƙarshenta, bai san inda zai ajiye ba. Ta karɓa, tafi a ƙarƙashin ƙirji.

A tsakar gidanta maigidan na zaune yana goga wuƙa a bakin turmi. Ya ce to alhamdu lillahi, mai alkawari ya tafi, Allah ya jiƙansa, ta kawo nan kafin ta mutu a banza. Ya ƙara da cewa in ta shigo da wannan abin gidan nan, kada ta sake yi wa kowa ƙorafin ƙuda.

Ta wuce shi zuwa igiyar shanya, inda rigunan mutane ke jere an goge. Ta tura su gefe ɗaya, suka cukurkuɗe, ta ɗaura igiyar Baba a wurin da ya buɗe, ta daidaita tsawon har yatsun kazar suka taɓa ƙasa. Ta ɗebo ruwan ɗumi ta durƙusa. Warin ya taso mata kamar kullum. Garin sunkuyawa mayafin ya zame daga hancinta ya faɗi kafaɗa, hannayenta biyu kuma duk a jiƙe suke, ɗaya na riƙe da ƙirjin, ɗaya da tsumma. Ta bar shi a nan.

Ƙarar wuƙa a bakin turmi ta yi ta raguwa har ta tsaya. Ƙuda ɗaya ya sauka a kan farar rigar da ke kusa. Kwandasta na lilo a hankali cikin ƙafar tsohon wando, idonta a rufe.