Sunan Ciwon Mama

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma abin da zan faɗa ba na alfahari ba ne.

Mahaifiyata tana da sankarar bakin mahaifa. A makare aka gano, domin babu gwajin a kusa da mu, maganin rage zafin ma sai an shiga mota zuwa Nairobi. Syombua, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke jagorantar ƙungiyar matan ƙauyenmu, ta zo har gida ta ce majalisar dokokin gunduma za ta saurari jama'a kan kasafin kuɗi. In aka ware wani abu, gwaji da magani za su sauko asibitinmu.

"Ni sun gaji da muryata," in ji ta. "Ke za ki tashi, Ndanu. Ki faɗi sunan ciwon, ki faɗi inda yake."

Mama ta yi dariya daga kan gado. "Wannan? Ko kaza ce ta taka ta, ita za ta ba da haƙuri."

Amma da za mu fita ta kamo hannuna. "Ki gaya musu zani nake cizo saboda zafi."

Zauren ya cika maƙil. Da aka kira sunana na miƙe, na ɗaga kai, sai ga Baba Nzioka, wan mahaifin mijina, zaune cikin 'yan kwamitin kasafin kuɗin. Na san ɗan majalisa ne, ban san wannan kwamitin yake ba. A wajenmu Akamba, suruka ba ta haɗa ido da surukinta. In ta hango shi a hanya, ratsewa take yi. Balle ta ambaci mahaifa da jini a gabansa.

Shi ma ya sunkuyar da kai yana juya biro.

"Muna jin ki, 'yata," in ji shugaban kwamitin.

Syombua ta mintsine ni. "Buɗe baki, yarinya."

Na ce, "Ina godiya ga majalisa." Na zauna.

Wani a baya ya ce, "Ashe gaisuwa ta kawo." Aka yi dariya. Wanda ya biyo bayana ya yi dogon bayani kan wurin wankan shanu, aka tafa masa.

A mota Syombua ba ta yi mini faɗa ba. Gasasshiyar masara ta saya mini, na riƙe ta har ta huce. Sai da muka kusa sauka ta ce, "Mako mai zuwa za su rufe ƙofa su yanke. Abin da ba su ji ba, ba ya shiga."

Mama tana jirana.

"Kin faɗa?"

"Na faɗa."

"Har sunan?"

"Har sunan."

Ta lumshe ido. "Ashe dai na haifi mutum. Zubo mini abincin nan."

Ta ci dafaffiyar masara da wake fiye da yadda ta ci duk makon, tana tambayata yadda fuskokinsu suka yi, ina ƙirƙiro mata. Da zafin ya taso ta juya ta fuskanci bango don kada in gani.

Washegari da safe na ɗaura ɗankwali na tafi gidan Baba Nzioka. Yana gindin mangwaro yana shan shayi. Matarsa ta tare ni da sauri.

"Ndanu, ba ki gan shi ba ne? Zagaya ta baya."

Ban zagaya ba. Na tsaya daga nesa, na juya masa baya, fuskata na kallon rumbun masara. Na ji ya ajiye kofi. Na jira ƙarar kujera, in ji ya tashi ya shige ɗaki. Bai tashi ba.

"Baba," na ce, "sankarar bakin mahaifa ce."

Sannan na ci gaba da gaya wa rumbun sauran.