Ranar da Baba Ya Yarda a Ɗaure Fanka

Motar Baba ta girme ni. Wasu Turawa masu yawon duniya ne suka ratso hamada da ita, ta gaji a Jega, suka sayar masa. A cikinta akwai gado, da ɗan kabad, da wurin aza tukunya, shi ya sa duk Sabon Gari ake ce mata Ɗaki. Da ita yake bin kasuwanni yana sayar da irin albasa da maganin feshi. Ni kuwa tun da na bar makaranta na taɓa ɗinki, na taɓa cajin waya, na taɓa kabu-kabu, ba wanda na zauna a kai. Tuƙin Ɗaki ne kaɗai ban gudu na bari ba.

A bazarar da ta wuce Baba ya faɗo daga samanta yana ɗaure buhuna, ƙashin cinyarsa ya karye. Na kwantar da shi a gadon cikinta na kai shi Aliero gidan mai ɗori. Aka ja ƙafar, aka ɗaure ta da karare tun daga ƙugu har idon sawu, aka ce ba zama, ba lanƙwasawa, sai kwanciya. Yana can kwance tsohon ciwon ƙirjin Inna ya tashi. Da yake ba mai kula da ita a gida, ƙanenta Kawu Idris ya zo ya tafi da ita Maiyama. Shi a Aliero, ita a Maiyama, ni ina zarya a tsakani da saƙon gaisuwa.

Wata safiya Kawu ya kira. Na kara wa Baba wayar a kunne, amma na ji komai.

"Malam Maiwada, jikin ya tsananta. Ko ruwa ba ta karɓa. Kai take ta tambaya."

Baba ya juyo gare ni ya ce, "Rilwanu, tada Ɗaki."

"Baba, ka manta yadda munka zo? Allurar zafin inji tana can sama, sai da na tsaya ina zuba mata ruwa."

"Kira Almu."

Na fara neman wata mota. Ranar kasuwar Jega ce, duk mai buɗaɗɗen baya ya yi lodin albasa ya wuce, ƙananan kuma ba inda miƙaƙƙiyar ƙafa za ta shiga. Dole sai Ɗaki, wadda tun ranar da na kawo shi take ajiye a ƙofar gidan.

Almu bakanike ya iso daga Jega a kan babur kafin hantsi ya ɗaga. Ya buɗe inji, ya sa ɗan yatsa ya ture fanka. Ta yi ta juyawa ita kaɗai kamar abin wasan yara. Tsakanin fankar da inji akwai wani kuloci mai kama da faifai, da mai a cikinsa. In inji ya yi zafi sai ya kama fankar ta jawo iska da ƙarfi, in ya huce sai ya sassauta mata. Na Ɗaki duk man ya tsiyaye, ƙura ta manne a jikinsa ta yi baƙi.

Almu ya leƙa ɗakin da Baba yake, yana goge hannu. "Baba Maiwada, wanga kuloci ya riga mu gidan gaskiya. Sai dai addu'a."

Ba wanda ya yi dariya. Ya dube ni, na kau da kai, sai ya gane, ya yi ƙasa da murya.

"Na taho da wani, amma na ƙaramar mota ne. Ramukan noti ba su hau ba. Ko sun hau, ba ya iya sanyaya injin da ke ɗauke da gida a bayansa. Irin nata sai Sakkwato. Na kira mutumina, ya ce gobe ko jibi."

"Ɗaure ta," in ji Baba.

"Mi ka ce?"

Duk direbobin tashar Jega fankarsu a ɗaure take. In kuloci ya mutu sai a huda shi, a zura noti, fanka ta riƙa bin inji duk gudun da ya yi. Baba ne kaɗai ya ƙi. Shekara da shekaru yana wanke haƙarƙarin kulocin nan da tsohon buroshi, yana kasa kunne da safe ya ji lokacin da fanka za ta yi gurnani ta lafa. Suna masa dariya, yana ce musu masu kashe mota da gangan.

"Ni da ka kora da sanda don na ce a ɗaure ta?" in ji Almu. "Har ka ce jikan maƙera ne ni, ba bakanike ba?"

"Har yau jikan maƙera kake. Ɗaure ta, Almu. Innarsu na jira."

Almu ya cire kulocin ya shiga gari wurin mai walda, ya dawo da shi da noti biyu a soke. Da yana mayarwa sai ya kira ni, ya nuna mini gindin fukafukan fankar. Robar ta tsufa, duk ta yi tsaga-tsaga.

"Tun da take ba ta taɓa yin gudun inji ba. Ka bi ta a hankali. Kada ka taka."

Mai ɗorin ya yi ta faɗa, ya ce in ƙashin ya goce ba ruwansa. Duk da haka shi ya kawo tsohon ƙyaure aka ɗora Baba a kai, muka kama muka shigar da shi, ya tokare ƙafar da buhunan yashi. Almu ya bar babur ɗinsa ya zauna kusa da ni.

Ina tada ta ta ɗauki ruri kamar injin niƙa. Amma allura ta kwanta ƙasa, ba ta motsa ba. Muka bi hanya sannu-sannu, muka kutsa cunkoson Jega, masu kabu-kabu suna ɗaga mana hannu suna tambayar jikin Baba. Muka karya kwana muka kama hanyar Maiyama. Zafi na tashi daga kwalta, iska kamar daga bakin tanderu.

Wayar ta sake ƙara. Na riga na bar ta a hannun Baba. Ban ji abin da Kawu ya ce ba, sai dai na ji Baba yana dukan jikin motar da tafin hannu.

"Taka ta!"

"Baba, Almu ya ce..."

"Rilwanu, don Allah. Taka ta."

Tun da nake ban taɓa jin ya haɗa ni da Allah ba. Na dubi Almu. Ya juya yana kallon gonaki. Na taka.

Ta tafi kuwa. Tsohuwar nan ta miƙe kamar ta san inda za ta, rurin ya cika ko'ina, har na fara hango ƙarfen sabis na Maiyama can nesa. Sai wani abu ya ce tas, kamar an harba bindiga a ƙarƙashin ƙafafuna. Tururi ya rufe gilashi. Na gangara gefe na kashe ta.

Fiffike guda ne ya tsinke ya shige cikin lagireto. Ramin ya isa a zura hannu. Ruwa na zuba a kan ƙasa, ƙasar na shanye shi nan take. Almu ya ciro sabulun da yake toshe yoyo da shi daga aljihu, ya dubi ramin, ya mayar da sabulun.

Na tsaya tsakiyar hanya ina ɗaga hannu. Motocin da suka tsaya duk cike suke har kan but. Wani dattijo mai amalanken shanu ya ce bari ya kai takinsa gona ya dawo. Yana tafiya na ji wayar ta yi ƙara, sai na ji Baba yana salati a cikin mota, a hankali, yana maimaitawa. Ban shiga ba. Na zauna a kan ƙasa na jingina da tayar gaba, zafinta na ƙona mini baya.

Mai amalanke bai dawo ba har rana ta take tsaka. Kawu ya sake kira. Wannan karon na shiga na riƙe wa Baba wayar.

"An gama wanka, an suturta ta. Jama'a sun taru. Kuna ina? Mu jira ku?"

Baba ya dubi ƙafarsa, ya dubi ƙofa. Hawaye na gangarawa suna shiga kunnensa.

"Kada ku bar ta cikin zafin ga sabili da ni," ya ce. "Ku kai ta, Idris."

Ya ture wayar. Ya kama hannun rigata.

"Tsai da babur. Tai ka kama mata makara."

"In bar ka nan?"

"Ga Almu. Tai."

Mai kabu-kabun da na samu bai tambaye ni komai ba, ya dai ga fuskata ya murɗa. Na iske su a ƙofar gidan Kawu sun daidaita sahu. Na kutsa na tsaya. Wani tsoho da ke gefena ya matsa mini, ya raɗa, "Ina Malam Maiwada?"

Na ce, "Yana hanya."

Liman ya ɗaga hannu ya yi kabbara.